Hercules da TK5: yadda na ga menfirem ɗin IBM a kan laftof nan Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta. Yau a kan Hercules nike son in yi magana, manhajar nan ta kyauta da ke sa laftof ɗinka ya yi aiki kamar menfirem ɗin IBM, tare da ƙunshin da ake kira TK5 wanda ke zuwa da tsohuwar babbar manhaja MVS 3.8j, wato manhajar da ke tafiyar da injin kamar yadda Windows ko Android ke yi, an riga an girka ta an shirya komi. Na jima ina amfani da su a ɗan wurin da nike koyar da kwamfuta nan cikin gari, kuma bari in faɗi ra'ayina tun farko don kar wani ya sha dogon karatu bai san inda na dosa ba: duk ɗalibin da ke son ya gane da idonshi abin da ya sa ba a ɗaukar babbar manhaja daga wani zubin furosesa a ɗora ta kan wani zubin haka kawai, to ban ga abin da ya kai wagga manhaja ba, kuma ko sisi ba za ka biya ba in ban da kuɗin data. Amma tana da inda ta tsaya cak, kuma zan faɗe shi ba ɓoye-ɓoye.

Menfirem dai ita ce irin babbar kwamfutar da manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama da na inshora ke ɗora lissafinsu a kai, wadda ake so ta yi shekara da shekaru tana aiki ba ta tsaya ba. Yaranmu sun saba da waya, saƙo ya shigo cewa akwai sabon Android, ka danna ka jira ta mutu ta taso shi ke nan. Saboda haka in ka ce masu a wancan ɓangaren kamfani kan yi watanni yana shiri kafin ya ɗaga babbar manhaja, wani lokacin ma sai an canza injin ɗungurungum tukuna, sai su riƙa kallonka kamar ƙari kake yi. Na yi bayani a allo har na gaji, abin bai zauna ba sai da munka kunna Hercules.

Wani bawan Allah Roger Bowler ne ya fara rubuta ta a 1999, yanzu kuma reshen da ake ci gaba da gyarawa shi ne SDL Hyperion. Aikinta ɗaya ne, tana kwaikwayon injin kanshi, wato furosesa da memori da diski da na'urar karanta kati da firinta da tef, ba ta zuwa da babbar manhaja ko ɗaya, kai ne za ka nemo abin da za ka ɗora. Kuma zubi ukku take iya kwaikwayo: S/370, da ESA/390, da z/Architecture. Nan ne duk daɗinta yake a wurina, domin zamani ukku ne na injinan IBM a cikin manhaja guda. Shi kuma TK5 aikin Rob Prins ne, ya ɗora a kan TK4- na Jürgen Winkelmann, wanda shi ma ya ɗora a kan TK3 na Volker Bandke. Mutanen ga sun hutar da mu ƙwarai, don girka MVS daga tef tun daga tushe aiki ne na wanda ya riga ya ƙware, su kuwa sun yi shi sun naɗe sun ba duniya kyauta. MVS 3.8j ɗin kuma halas ne ka kunna ta, tana cikin tsofaffin manhajojin da IBM ta saki tun can baya ba tare da ƙaidin lasisi irin na yanzu ba.

Girkawa ba wahala ko kaɗan, wanga kam na ba su maki cikakke. Fayil ɗaya ne na zif, 'yan ɗaruruwan megabait, in ka bari sai dare lokacin da netwok ya sarara za ka sauke shi ba tashin hankali, kuma mutum ɗaya in ya sauke ya isa kowa ya kwafa a filash. Ka warware shi cikin folda, in Windows gare ka ka danna mvs.bat, in Linux ne ka kira mvs, sai rubutu ya fara gudu a baƙin allo, wato injin na tashi ke nan, abin da su ke kira IPL. Daga nan kana buƙatar wata 'yar manhaja ta tagar 3270 wadda ke kwaikwayon allo da kibod na menfirem, ni wc3270 nike ba masu Windows, x3270 ko c3270 ga masu Linux, ka haɗa ta da kwamfutarka a ƙofa mai lamba 3270, ka shiga da sunan HERC01. Tsohon laftof na hannu irin wanda ake saidawa a shagunan titin Emir Yahaya ya isa har da saura, tunda memorin da MVS ke nema gaba ɗaya megabait 16 ne, hoto ɗaya mai kyau na wayar zamani ya kusa kai haka.

Da ka shiga akwai ayyukan gwaji da anka aje, akwai na harsunan furogiram COBOL da FORTRAN da PL/I da asembula mai magana da inji kai tsaye, ka buɗe ɗaya ka duba JCL ɗin da ke samanshi, wato layukan da ke gaya wa MVS yadda za ta gudanar da aikin, ka tura, sai ka je ka duba sakamako. Ranar da yaro ya ga aikinshi na farko ya fito da lambar sifili huɗu a jere, wato ya wuce lafiya, za ka ga fuskarshi ta canza. Amma ba wanga ne ya sa nike rubutun ga ba.

Abin da ya sa shi ne layi ɗaya tal da ke cikin fayil ɗin saiti, a foldar conf. A tsohon Hercules sunanshi ARCHMODE, a sabo ARCHLVL, kuma a gabanshi an rubuta S/370. Abin da nike sa ɗalibai su yi, su kwafe foldar gaba ɗaya su aje gefe guda tukuna, sannan a cikin kwafin su goge S/370 su rubuta ESA/390, su sake kunnawa. A ido ka ba MVS inji mafi sabunta ke nan, mafi ƙarfi, mai iya ɗaukar memori mai yawa, kamfani ɗaya ya ƙera su, kuma ESA/390 jikan S/370 ne. To amma MVS 3.8j ba ta tashi. Ko allon shiga ba za ka gani ba, tun a matakin farko take tsayawa. Ka mayar da layin yadda yake, ta tashi lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Gani ya kori ji, daga nan tambayoyi ke fara zubowa, kuma tambayoyi masu ma'ana.

Dalilin kuwa sai an ɗan koma baya. IBM ta sanar da System/360 ranar 7 ga Afrilu 1964, kuma babban alkawarin da ta yi shi ne furogiram ɗin da ka rubuta wa ƙaramin inji zai yi aiki a babba ba sai ka sake rubutawa ba, wanda a lokacin baƙon abu ne. Adireshin memori a injin bit 24 ne, wato iyakar abin da zai iya nunawa bait 16,777,216, shi ne megabait 16 ɗin da na ambata. A 1964 wanga ya yi kama da abin da ba za a taɓa cikawa ba. System/370 ya zo a 1970, anka ƙara mashi memorin aro a 1972, wato dabarar nuna wa furogiram fili fiye da memorin gaske ta hanyar aron diski, MVS ta fito a 1974 tana ba kowane aiki nashi filin na megabait 16 daban, duk da haka dai bit 24 ɗin nan na nan, kuma ita kanta babbar manhajar tana cin wani kaso a cikin filin. Kafin ƙarshen shekarun 1970 manyan kamfanoni sun fara matsuwa.

Ga inda abin ya yi daɗin koyarwa. Rajistar injin, wato ɗan wurin ajiya da ke cikin furosesa kanshi, bit 32 ce, adireshi na cin 24, saura bit 8 a sama ba mai amfani da su. Masu rubuta furogiram na wancan zamanin, har da na IBM kansu, sunka ga fili a banza sai sunka riƙa cusa 'yan alamomi da ƙananan bayanai a ciki don tsimin memori. Kamar dai gefen titi ne da anka bari don faɗaɗawa nan gaba, mutane sunka ga shekaru sun wuce ba a taɓa ba sunka kafa rumfuna da tebura, ranar da aikin faɗaɗa titi ya zo kuwa kowa ya san abin da ke biyo baya. Da IBM ta kawo sabon zubi 370-XA da babbar manhajarshi MVS/XA a 1983 tana son faɗaɗa adireshi, sai ta tarar filin cike yake da kayan mutane. Shi ya sa ba ta tafi bit 32 ba, ta tsaya a 31, gigabait 2 ke nan, ta bar bit ɗin can na ƙoli ya zama alama: in yana kunne furogiram na tafiya da adireshin 31, in yana kashe to a bi shi da tsohon tsarin 24, a kau da kai daga duk abin da ya cusa a saman. Wallahi duk lokacin da na zo wurin ga sai na ji girman mutanen da sunka zauna sunka yi wanga tunani, don sun zaɓi su rasa rabin filin da za su iya samu a kan su karya furogiram ɗin kwastomominsu.

Amma wanga sassaucin na furogiram ɗin kwastoma ne, ita babbar manhaja ba ta samu ba. A S/370 in za ta yi magana da diski umarnin SIO take bayarwa, ita ke zaɓen hanyar da saƙon zai bi. A XA an cire SIO gaba ɗaya an kawo SSCH, wani sashe na injin ne ke zaɓen hanya da kanshi. Teburan da ke fassara adireshin aro zuwa na gaske sun canza siffa, kalmar da ke riƙe da halin furosesa wato PSW ita ma tsohon fasalinta ya tafi. To MVS 3.8j da ta buɗe ido a kan ESA/390 duk abin da ta sani ba ya nan, ko diskin da take kwance a kai ba ta iya karantawa. Shi ne abin da yaran sunka gani a allo.

Wani ɗalibina, natsattsen yaro ne daga wajen Arkilla, ya ce mani, "Malam, to ke nan duk wanda ya sayi sabon inji a lokacin sai ya zubar da komi ya fara daga farko?" Na ce a'a ɗan'uwa, nan ne hikimar take, abin da ke saman babbar manhaja yana tsira, ita ce kawai dole a sauya. Furogiram ɗin albashi da anka harhaɗa, wato anka mayar da shi yaren inji, a shekarun 1970, matuƙar bai taɓa cikin cikin injin ba, ana iya ɗaukar shi yadda yake a kunna a z/OS ta yau, magajiyar MVS. Har gobe kowane furogiram a can yana ɗauke da alamar AMODE, 24 ko 31 ko 64, kuma ma'aikatan na maganar ƙasan layi da saman layi suna nufin iyakar megabait 16, da ƙasan sanda da saman sanda suna nufin iyakar gigabait 2. Wanda ke shan wahala a ƙaura shi ne furogiram ɗin asembula da ya kutsa cikin teburan babbar manhaja, da kayan wasu kamfanoni na tsaro da na sa ido, su ne ake bi ɗaya bayan ɗaya ana tambayar masu su ko akwai sabon da ya dace. Ta ɗaya gefen kuma in ka harhaɗa furogiram da umarnin sabon inji ka kai shi tsoho, faɗuwa zai yi da S0C1, injin na gaya maka bai san wanga umarni ba.

Kuma IBM ba ta taɓa tura mutane su yi tsalle ɗaya ba. A zamanin XA inji ɗaya na iya tashi a tsohon tsari ko a sabo, har ta fitar da VM/XA Migration Aid don kamfani ya kunna tsohuwar MVS da sabuwa gefe da gefe yana gwaji. Haka anka sake yi da injin z900 ya zo a 2000 da z/Architecture mai bit 64, z/OS ta fito a 2001 tana iya tafiya a bit 31 kan tsofaffin injina, a bit 64 kan sababbi, sai a z/OS 1.6 ta 2004 anka rufe ƙofa, daga nan sai injin z kawai. Shi kuma injin ya ci gaba da karɓar tsohon tsarin ESA/390 har zuwa z13 na 2015, z14 na 2017 ne ya daina. Ka lissafa ka gani, shekara goma sha bakwai ana jan mutane a hankali. Kuma har yanzu abin bai ƙare ba, z/OS 2.5 ta 2021 tana buƙatar aƙalla z13, ita kuwa 3.1 ta 2023 sai z14 ko sama. Wato kamfanin da ke kan z13 yana son 3.1 ba yadda zai yi sai ya fara sauya inji, ya kai 2.5 ɗinshi kan sabon inji da 'yan gyare-gyaren da ake buƙata, ta zauna ta natsu, sannan ya girka 3.1 a wani diski daban, ya tayar da ita a wani yanki na gwaji, tsohon diskin yana nan ba a taɓa ba ko da za a koma. Ba a haɗa canjin inji da canjin manhaja a dare ɗaya, don in abu ya lalace ba ka san wanne za ka tuhuma ba. Wanga darasin ya wuce menfirem, ko sabar ofis ɗin ku za ka ɗaga yana yi maka amfani.

To yanzu ga inda Hercules ta gaza, kuma babban gibi ne. Duk wancan labarin daga MVS/XA zuwa z/OS ba za ka iya yin shi da hannunka a kanta ba. Injin na iyawa, lasisi ne bai bari ba, IBM ba ta ba da izinin a kunna z/OS ko wadda ta gabace ta, OS/390, a kan Hercules. Na san akwai masu yawo da kwafe-kwafe a intanet, ni ban ba ɗalibi kuma ban shawarci kowa ya nema ba, haƙƙin mutane ne. Ke nan Hercules na nuna maka inda ƙofa ta rufe da dalilin rufewarta sarai, amma ƙaurar kanta sai dai ka karanta. Wanga ya dame ni sosai, domin matakin da ya fi amfani ga mai neman aiki shi ne wanda babu.

Abin da ke ɗan cike gibin shi ne Linux. Tun ƙarshen 1999 Linux ke tafiya a kan menfirem, kuma ita ma ta yi irin wagga ƙaura: Debian ta daɗe da s390 mai bit 31, ta kawo s390x mai bit 64 sunka zauna tare a Debian 7 ta 2013, a Debian 8 ta 2015 anka ajiye tsohon, a shekarar ne kuma kanel 4.1, wato zuciyar Linux, ya daina tallafa wa kanel mai bit 31. Saboda haka kana iya buɗe wani saiti daban ka sa ARCHLVL a z/Arch ka girka Debian s390x, ka ga ɓangaren bit 64 da idonka. Sai dai a nan sauƙin TK5 ya ƙare. Dole ka ƙirƙiri diski da kanka, ka haɗa netwok tsakanin laftof da injin kwaikwayo wanda shi ne ya fi ba mutane ciwon kai musamman a Windows, domin girkawar ta SSH ake ƙarasa ta, wato hanyar shiga wani inji ta netwok, in netwok bai haɗu ba ba inda za ka. Sannan ga nauyi, Hercules umarni ɗaya-ɗaya take fassarawa, girkawar na cin sa'o'i, furosesan laftof yana ƙurewa fanka na ihu. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da ake haura digiri 40 kar ka soma wanga aiki da rana a ɗakin da ba iska, ka bari sai bayan isha'i ko ka yi shi lokacin hunturu, ka ɗaga bayan laftof ɗin iska na shiga. MVS ita ba ruwanta, ko ta wuni a kunne ba ka jin ɗumi. Kuma sababbin Linux su ma sun ɗaga wuya, Ubuntu 20.04 na neman z13, Red Hat 9 na neman z14, saboda haka kar ka ɗauko mafi sabunta ka zata zai tashi, tsohuwar Debian ta fi sauƙin kai. In Linux ɗin zalla kake so, wata manhajar mai suna QEMU ma na kwaikwayon s390x kuma na fi samun sauƙinshi a wanga ɓangaren.

Wahalar ta biya dai, saboda akwai abu biyu da sai a nan yaro ke yarda da su. Na farko jerin bait. Lamba 1 in an aje ta a bait huɗu, menfirem na rubuta 00 00 00 01, Intel na rubuta 01 00 00 00. Ka rubuta fayil a can ka karanto shi a nan ba tare da juyawa ba, 1 ta zama 16,777,216. Ka ce wa ɗalibi ya ɗauka wannan naira ɗaya ce a asusun wani, nan take yake gane abin da ya sa masu ƙaurar bayanai ba su barci. Na biyu haruffa, MVS da z/OS da tsarin lambobin haruffa mai suna EBCDIC suke aiki, harafin A a can 193 ne, a ASCII ɗin da munka saba 65 ne, kuma a EBCDIC lambobi bayan haruffa suke zuwa in an jera, a ASCII kuwa su ke gaba. Rahoton da anka jera a menfirem in an mayar da shi wata kwamfuta jerin na iya birkicewa alhali ba layin furogiram ko ɗaya da ya canza.

Maganar wuta kuma dole in ja kunne. MVS ba a kashe ta da danna alamar rufe taga. Akwai umarnin shutdown da za ka bayar ka fita ka jira ta tattara kayanta ta sauka da kanta. Diskokinta fayiloli ne matsattsu a cikin folda, in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu suna iya samun matsala. Mai laftof da batir mai rai ba shi da damuwa, amma mu da ke da kwamfutocin tebur a aji, ga yadda wuta take a garin ga, sai da na sa doka: ba mai kunnawa sai a kan wadda ke haɗe da inbata, kuma kowa ya aje kwafin foldar diskokin tun tana sabuwa. Akwai 'yar manhajar duba diski cckdcdsk da ke zuwa tare da Hercules, tana taimakawa, amma kwafi ya fi ta sauri da kwanciyar hankali.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma gara ka sani. COBOL ɗin da ke ciki tsoho ne ƙwarai, ya girmi ƙa'idar 1985, babu END-IF babu EVALUATE, in ka kwafo misali daga darasin zamani zai watso maka kurakurai ka rasa laifinka. Babu DB2 mai ajiyar bayanai, babu CICS na gaske mai tafiyar da hada-hadar kwastomomi. Saƙonnin kuskure lambobi ne da gajerun kalmomi, sai ka je ka binciko ma'anarsu a tsofaffin littattafan IBM, duka da Turanci mai nauyi, wanda karatunshi bai yi ƙarfi ba zai buƙaci mai zama kusa da shi a makonnin farko. Allon 3270 shi ma sai an saba, kibod na kullewa in ka yi rubutu inda ba a yarda ba sai ka nemo Reset, F3 ce komawa baya, kuma a yawancin laftof sai ka haɗa da Fn, yara na yawan maƙalewa a nan su zata injin ne ya mutu.

Wani abu da ya burge ni, foldar diskokin nan ɗaya da ke aiki a laftof mai Intel, in ka kwafe ta ka kai kan Raspberry Pi mai furosesan ARM da Hercules ɗin da anka harhaɗa don ARM, MVS na tashi ba ta ma san an canza mata gida ba. Ka canza injin gaske daga Intel zuwa ARM ba ta damu ba, ka canza layi ɗaya a injin kwaikwayo ta ƙi motsi. Ina barin ɗalibai su yi ta muhawara a kan dalili kafin in sa baki, kuma mafi yawa suna kaiwa ga amsar da kansu, cewa ita abin da ta sani shi ne zubin da Hercules ke nuna mata, abin da ke ƙarƙashi aikin Hercules ne.

Wa zan ba shawara ya sauke? Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na jami'ar Danfodiyo da jami'ar jiha da kwalejin Umaru Ali Shinkafi, musamman masu ɗaukar darasin tsarin ginin kwamfuta da na babbar manhaja, su ne na farko. Abin da ake zana maku a allo na adireshi da rajista da katsewa, a nan za ku iya tsayar da injin cak ku leƙa cikin rajistar ku ga abin da ke ciki. Malamai ma ina roƙon ku gwada, aji ɗaya da gwajin ARCHLVL ɗin nan ya fi dogon bayani. Masu kula da sabobi a ofisoshi su ma za su ƙaru. Wanda kuwa ke neman abin da zai kawo mashi kuɗi wata mai zuwa, gaskiya ba nan ba ne, ya je ya koyi gina shafin intanet ko gyaran waya, in ya samu sarari ya dawo.

In kuma ka yi TK5 ka ji abin ya shiga ranka kana son taɓa z/OS ta gaske ta hanyar halas, IBM na da shirin koyo na kyauta mai suna IBM Z Xplore, kana rajista su ba ka shiga wani injin nasu ta intanet kana yin darussa mataki-mataki. Can ba za su bar ka ka taɓa saitin inji ko ka tayar da babbar manhaja da kanka ba, kai baƙo ne mai ɗan ɗaki, kuma yana son netwok mai ɗan ƙarfi. Shi ya sa nike cewa a haɗa biyun, JCL da TSO ɗin da ka koya a TK5, wato wurin da kake shiga kana ba da umarni, kusan su za ka tarar a can, ka fara da na laftof ɗinka inda ba mai hana ka lalatawa ka gyara, kuma ba ya cin data bayan saukewar farko. Wanda ke cikin gari kuma data ta yi mashi tsada, ya nemi duk wanda ya riga ya sauke ya kawo filash a kwafa mashi, ya tabbata an haɗa mashi da wc3270 don TK5 ba ya buɗuwa sai da tagar 3270.